Melvin Calvin: wanda ya bi sawun iska har cikin ganye, da abokin aikin da ya bari a baya

Duk shekara idan muka iso darasin tsirrai, nakan shigo aji da busasshen karan gero, da zangarniyarsa a kai, in aza bisa tebur. Sai in tambayi yara daga ina wannan kara ya samo jikinsa. Nan da nan hannuwa su tashi. Mafi yawa su ce daga ƙasa, masu wayo su ƙara da taki da ruwan sama. Har yau ban samu wanda ya ce daga iska ba, kuma ban ga laifinsu ba, don ni ma sai da na girma na yarda. Amma gaskiyar ke nan. Idan ka busar da kara ƙayau, kusan rabin nauyinsa karbon ne, wato abin nan da ke zama gawayi idan an ƙona itace, kuma wannan karbon ɗin duk daga iska ganye ya ɗauko shi. Iskar karbon kuwa, wadda muke rubutawa CO2 a allo, kimanin kashi 4 ce kawai cikin 10,000 na iskar da muke shaƙa. Daga wannan ɗan mitsitsin ne rumbu ke cika.

Tun kafin kakanninmu masana sun san abin da ke shiga ganye da abin da ke fita: iskar karbon da ruwa da hasken rana su shiga, sukari da iskar oksijan su fito. Shi ne fotosantez da muke haddacewa a lakwal. Abin da ba a sani ba shi ne abin da ke faruwa a tsakani. Mutumin da aka liƙa wa sunan gano wannan hanya shi ne Melvin Calvin, Ba'amurke, kuma shi ne baƙonmu na yau a wannan fili.

An haife shi ranar 8 ga Afrilu 1911 a garin Saint Paul na jihar Minnesota. Iyayensa Yahudawa ne ƴan ci-rani da suka baro daular Rasha, uban daga Lituwaniya, uwar daga Jojiya. Yana ƙarami suka koma Detroit, birnin ƙera motoci, inda uban ya yi aikin kanikanci. Calvin ya yi tsaron kantin kayan masarufi yana ɗalibi, kuma a nan ne ya lura cewa duk abin da ke kan kanta, daga abincin gwangwani har fentin da ke jikin gwangwanin, sai da masanin sinadarai ya sa hannu kafin ya zo kasuwa. Ya ga cewa mai wannan ilimi ba zai rasa abin yi ba. Ɗan talaka ne da ya ga yadda ubansa ke fama, don haka neman abinci ne ya fara kai shi ga kimiyya, son ilimin ya biyo baya.

Akwai wani labari na lokacin da yake sakandare wanda ya kamata mu malamai mu riƙe. An ruwaito cewa malaminsa na fizik ya yanke masa hukuncin ba zai taɓa zama masanin kimiyya ba, saboda yana da gaggawar ba da amsa kafin ya tattara hujjoji. Malamin ya yi kuskure a hukuncin, amma fa bai yi kuskure a kan halin yaron ba. Wannan gaggawa ta bi Calvin har tsufa. Ita ta kai shi inda wasu ba su kai ba, ita kuma ta sa ya yi ta faɗawa rami, kamar yadda za mu gani.

Ya gama digirin farko a 1931 a kwalejin haƙar ma'adinai ta Michigan, ya yi digirin dakta a jami'ar Minnesota a 1935, sannan ya ƙetare zuwa Manchesta ta Ingila ya yi shekara biyu ƙarƙashin Michael Polanyi. A can ya fara sha'awar sinadaran da ke da ƙwayar ƙarfe a tsakiyarsu, dangin jan launin jini da koren launin ganye. A 1937 jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta ɗauke shi koyarwa, kuma bai sake barin ta ba har mutuwa. Ya auri Genevieve Jemtegaard a 1942. Ɗansu na fari bai rayu ba, saboda rashin jituwar jinin uwa da na jariri, abin da likitoci ke kira Rh, har ta kai su biyun suka shiga binciken wannan matsala tare. Daga baya suka samu ƴaƴa uku. Lokacin yaƙin duniya na biyu ya yi wa gwamnati aiki, ciki har da hanyar tace sinadarin plutoniyom a shirin ƙera bam ɗin nukiliya.

To a nan sai mun ɗan ajiye Calvin, don labarin karbon ba da shi ya fara ba.

A wannan jami'a ta Berkeley akwai Ernest Lawrence, mai na'urar siklotron, wadda ke harba ƙananan ƙwayoyin zarra da gudu su daki wani abu su canza shi. Wasu samari biyu, Sam Ruben da Martin Kamen, suka yi tunanin cewa da za a samu karbon mai alama, da an ba ganye shi an ga inda zai bi. Kamar dai makiyayi ne da ya ɗaura wa akuya ɗaya ƙararrawa: ko ta shige cikin garke dubu, kunne zai gaya maka inda take. Ƙararrawar a nan ita ce tartsatsin nan da ido ba ya gani, irin wanda yuraniyom ɗin Arlit ke fitarwa, wanda na'ura ke iya ji. Karbon mai tartsatsi da suke da shi a lokacin shi ne karbon 11, amma shi cikin minti 20 rabinsa ya ɓace. Kafin ka gama gwaji, ƙararrawa ta yi shiru. Sai su yi ta gudu tsakanin na'ura da ɗakin bincike, galibi cikin dare.

Ranar 27 ga Fabrairu 1940 suka tabbatar da samun karbon 14. Kamen ya kwana uku ba barci yana harbin baƙin dutsen nan da ake zuciyar fensir da shi, har da ya fito da asuba a yamutse ƴan sanda suka kama shi suna zaton wani mai kisan kai ne da suke nema. Shi karbon 14 sai ya shekara 5,730 kafin rabinsa ya ɓace. Shi ne wanda ake auna shekarun tsoffin ƙasusuwa da shi, irin waɗanda aka tono a Gobero cikin Tenere. A 1941 kuma su Ruben da Kamen suka nuna, da wata oksijan mai nauyi, cewa oksijan ɗin da ganye ke fitarwa daga ruwa take fitowa, ba daga iskar karbon ba.

Da an bar su, wataƙila da sunansu muke karantarwa yau. Amma yaƙi ya shigo. Aka sa Ruben binciken iskar guba mai suna fosjin. Wata rana cikin Satumba 1943 kwalbar gilashi ta fashe masa, ya shaƙi gubar, washegari ranar 28 ga wata ya cika, yana da shekara 29, ya bar mata da ƙananan yara. Shi kuma Kamen, a 1944 aka gan shi yana cin abinci da wasu jami'an ofishin jakadancin Tarayyar Sobiyet a San Francisco, aka zarge shi da tsegunta asirin bam, aka kore shi. Ya shekara fiye da goma yana wanke sunansa a kotu kafin ya yi nasara. Cikin shekara ɗaya, ɗaya ya tafi kabari, ɗaya ya tafi titi, karbon 14 ya zama maraya.

Da yaƙi ya ƙare a 1945, Lawrence ya tari Calvin ya ba shi shawarar a yi wani abu mai amfani da karbon ɗin nan. Ya ba shi tsohon ginin katako da aka taɓa ajiye siklotron a ciki, hukumar makamashin nukiliya kuma ta ba da kuɗi. Calvin gwani ne a ilimin sinadarai, amma bai taɓa aiki da tsiro ba. Sai ya nemo wanda ya sani: Andrew Benson, matashin da ya yi aiki da Ruben kafin rasuwarsa. Shi Benson ya ƙi ɗaukar bindiga lokacin yaƙi saboda aƙidarsa, aka tura shi aikin farar hula, har da kashe gobarar daji. A 1946 ya dawo Berkeley, shi ya tsara ɗakin binciken, shi ya shirya kayan aiki. Ba da jimawa ba wani ɗalibi mai suna James Bassham ya shigo ya zama na uku.

Yadda suka yi aikin ya cancanci a tsaya a kansa, don wallahi dabara ce mai daɗi, kuma ba ta da wuyar ganewa.

Ba da ganyen itace suka yi ba. Sun ɗauki gansakuka ce, irin ƙananan nan masu ƙwaya ɗaya da ke sa ruwan tafki ya yi kore, mai suna Chlorella, da wata ƴar uwarta. Suka zuba ta cikin wata kwalbar gilashi mai faɗi, shafal, zagayayya, da dogon wuya, wadda saboda kamanninta suka yi mata laƙabi da alewa mai tsinke. An yi ta shafal ne don haske ya ratsa ko'ina daidai. Fitila ta hagu, fitila ta dama, gansakuka na ta aikinta. Sai a tsirta mata karbon 14, a ƙirga daƙiƙa, a buɗe famfon ƙasa, ta zube cikin alkol mai tafasa. Nan take ta mutu, kome ya tsaya cak a inda yake. Ka ga ke nan an ɗauki hoton aikin a daidai wannan daƙiƙar.

Saura a san sinadaran da karbon mai alama ya shiga. Nan suka ari wata dabara da wasu Turawan Ingila suka fito da ita a 1944. Duk wanda ya taɓa ɗiga tawada a takarda ruwa ya taɓa ta, ya ga yadda take bajewa, wani launi ya yi nisa, wani ya tsaya kusa. Haka suka yi: su ɗiga ruwan gansakukar a kusurwar wata babbar takarda mai tsotso, su bar wani ruwan sinadari ya ja shi ta gefe ɗaya, su busar, su juya takardar, wani ruwan dabam ya ja ta ɗaya gefen. Kowane sinadari sai ya tsaya a nasa wuri. Amma ido ba ya ganin kome, takarda fara fat. Sai su manna ta da fim irin na ɗaukar hoton ƙirji a asibiti, su ajiye cikin duhu kwanaki. Duk inda karbon 14 yake, tartsatsinsa zai ƙona fim ɗin ya bar baƙin tabo.

Idan an bar gansakuka ta yi rabin minti da karbon ɗin, fim ya fito da tabo rututu, fiye da goma. Wannan kaɗai ya ba su mamaki, don ba a zaci aikin na da sauri haka ba. Suka yi ta rage lokaci. Da aka sauko daƙiƙa biyar zuwa ƙasa, sai tabo ɗaya ya rinjayi sauran. Shi ne masaukin farko na karbon a cikin tsiro. Gano ko mene ne tabon wani aiki ne dabam, don abin da ke kan takardar bai kai ƙurar da ke kan farce ba. Suka gano wani asid ne da ake taƙaita sunansa PGA. A 1948 Calvin da Benson suka fara fitar da jerin maƙaloli kan hanyar da karbon ke bi, jerin da ya wuce ashirin. Tsohon zancen da aka riƙe tun 1870, wai formaldehid ne tsiro ke fara yi, ya faɗi a nan.

Don a gane abin da ya biyo baya, a ɗauki ƙwayoyin karbon kamar ƴaƴan carbi a zare. Shi PGA mai ƴaƴa uku ne. Iskar karbon mai ɗa ɗaya ce. Lissafin da suka yi ko ɗan aji biyu zai yi shi: idan abin da ya fito mai uku ne, ɗaya kuma daga iska ta zo, to mai biyu ne ya tarbe ta. Suka bazama neman mai biyun nan. Shekaru suka shuɗe, babu shi babu dalilinsa. A tsakiyar wannan fama ne, a 1949, ciwon zuciya ya kwantar da Calvin yana da shekara 38, har sai da ya bar taba ya rage ƙiba.

Wanda ya kwance ƙullin shi ne Benson. Da haƙurin bin tabo ɗaya-ɗaya, ya gano wasu sukari biyu da ba wanda ya zaci suna da hannu a lamarin: ɗaya mai ƴaƴa bakwai, ɗaya mai biyar da ake kira ribuloz, ɗauke da fosfat biyu. Sai wasu baƙi biyu na ɗakin binciken suka kawo shaidar da ta rage. Peter Massini, ɗan Suwizalan, ya kashe fitila ba zato, sai ya ga PGA ya taru. Alex Wilson, ɗan New Zealand, ya rage iskar karbon ba zato, sai mai biyar ya taru, PGA ya ragu. Ku ɗauka tasha ce. Mai biyar shi ne mota fanko mai jiran fasinja, iskar karbon ce fasinja, haske ne mai. Idan fasinja suka yanke, motoci fanko su cika tasha. Idan mai ya yanke, waɗanda suka ɗauki fasinja su tsaya can gaba, ba mai dawowa, tasha ta zama wayam. Ashe mai biyar ne ke tarbar iska, su zama shida, nan take shidan ya rabe biyu, uku-uku. Shi ya sa ba a taɓa ganin mai biyu ba: babu shi tun asali.

Calvin ya ba da labari da kansa cewa yana zaune cikin mota ne yana jiran matarsa da ta shiga wani wuri, tunanin yadda abin ke zagayawa ya faɗo masa gaba ɗaya cikin ƴan daƙiƙu. Ban musa ba. Amma tunani ba ya faɗo wa mutum daga sama sai an riga an tara masa tabo ɗari a takarda.

Ga yadda zagayen yake, kamar yadda suka buga shi a 1954. Masu biyar guda uku, ƴaƴa 15 ke nan, su tarbi iskar karbon uku, a samu 18, wato masu uku guda shida. Ƙarfin da koren ganye ya tara daga hasken rana ya mai da su sukari. Cikin shidan nan, ɗaya tak tsiro ke cirewa ya yi abinci da kara da saiwa da shi. Sauran biyar ɗin, ƴaƴa 15, a warware su a sake ɗinkawa, ta hanyar mai huɗu da mai shida da mai bakwai, har su koma masu biyar guda uku, a sake sabon zagaye. Kowace ƴar kasuwa ta san wannan: uwar kuɗi ba a cin ta, riba ake ci. Sai dai a kasuwar ganye uwar kuɗi kashi biyar ce, riba kashi ɗaya. Aikin ya kuma nuna cewa hasken rana ba ya taɓa iskar karbon kai tsaye yadda manyan masana suka daɗe suna zato. Haske na tara ƙarfi ne a gefe guda, ɗinkin karbon na gudana a wani gefen. Duk lomar tuwon da ka kai baki, da naman dabbar da ta ci ciyawa, ta wannan ƙofa suka shigo. Ikon Allah ke nan.

To, a shekarar da aiki ya kammala, a shekarar ce zumunci ya watse.

Calvin ya riga ya tsallaka wata tambayar, yadda haske ke zama ƙarfin sinadari, ya kuma kafe a kan cewa wani asid mai suna tiyoktik ne sirrin. Ya zuba lokaci da mutane a kai, ya yi ta bayani a taruka ana tafa masa, daga ƙarshe zancen bai tsaya ba. Gaggawar nan ce da malaminsa ya gani. Shi kuwa Benson, tare da wani ɗan Beljiyam mai suna Jacques Mayaudon, yana can yana bin anzim ɗin da ke ɗaura iskar karbon a jikin mai biyar. Suka lura cewa shi ne furotin ɗin nan da Sam Wildman ya riga ya samu jibge cikin ganye ba a san aikinsa ba. Yau ana kiran sa Rubisco, kuma ana lissafa shi a matsayin furotin da ya fi kowane yawa a doron ƙasa. A yadda Benson ya ba da labari daga baya, bai sanar da Calvin wannan aiki da wuri ba, ya rubuta sakamakon ya miƙa, takardar ba ta fita ba, kuma a ƙarshen 1954 Calvin ya nuna masa lokacin tafiyarsa ya yi. Ya koma jami'ar jihar Pennsylvania, daga baya cibiyar binciken teku ta Scripps.

A 1961 aka ba Melvin Calvin kyautar Nobel ta ilimin sinadarai, shi kaɗai. Dokar kyautar ta yarda a raba wa mutum uku, don haka wuri bai ƙare ba. Wannan dai hukuncin kwamitin Suwidin ne, ba za a ɗora wa Calvin ba. Abin da ke wuyansa shi ne littafin tarihin rayuwarsa da ya fitar a 1992, yana tsoho mai shekara 81, ba ya neman kome wurin kowa. A littafin nan bai ba Benson wuri ba, mutumin da suka shekara takwas suna aiki tare, wanda sunansa ke kan maƙalolin tun ta farko. Ni a ganina wannan cin haƙƙi ne, kuma girman mutum ba ya goge shi.

Amma kada a ce na mai da shi ɓarawon aikin wasu, don ba haka ba ne. Ba don Calvin ba da ɗakin binciken nan bai tsayu ba. Shi ya samo kuɗi, shi ya tara masanin sinadarai da na tsirrai da na fizik daga ƙasashe dabam-dabam ya zaunar da su wuri ɗaya, a zamanin da kowa ke tsare da rumfarsa. Waɗanda suka yi aiki da shi sun shaide shi da yawan tambaya, kullum yana zagayawa yana son jin sabon abin da aka samu, kuma ba ya jin kunyar kawo tunani goma tara su faɗi. Bassham ya zauna tare da shi har ƙarshen aikinsa. Da aka rushe tsohon ginin katakon a 1959, Calvin ya sa aka gina masa sabo zagayayye, ba bangon da ya raba masu bincike, da teburin shan kofi a tsakiya, don dole mutane su haɗu su yi magana. Abin mamaki ne a ce mai wannan tunani na haɗa kai shi ne ya kasa raba yabo.

Akwai wani reshe na labarin da ya shafe mu kai tsaye. Da wasu suka ɗauki wannan dabara ta karbon 14 suka gwada a kan wasu tsirrai, sai suka ga abin da bai dace da na Berkeley ba. Hugo Kortschak a Hawaii ya gwada rake, Yuri Karpilov a Rasha ya gwada masara, duka suka ga masaukin farko mai ƴaƴa huɗu ne, ba uku ba. A 1966 Hal Hatch da Roger Slack a Ostireliya suka warware yadda abin yake. Shi Rubisco yana da aibi: idan zafi ya yi yawa yakan rikice ya kama oksijan maimakon iskar karbon, tsiro ya yi asara. Waɗannan tsirrai sai suka samu wata ƙarin dabara, su fara kama iskar da wani anzim dabam, su tura ta can cikin ganye su cusa wa Rubisco ita da yawa, ta yadda ba zai rikice ba. Saboda haka ba sai sun buɗe ƙofofin ganyensu sosai ba, ruwa kaɗan suke asara. Gero da dawa suna cikin wannan rukuni. Shinkafa da alkama da wake da gyaɗa kuwa suna bin hanyar farko ce kai tsaye. Ga ɗaya daga cikin dalilan da suka sa gero ke tsayawa a tudun yashi cikin rana mai ƙuna inda alkama ba za ta kai labari ba. Amma ko a cikin geron, zagayen Calvin ne ke ƙarasa aikin.

Sauran rayuwarsa ya yi ta ne yana tsalle daga wannan fage zuwa wancan. Ya yi bincike kan sinadaran farkon rayuwa a duniya, ya duba duwatsun da aka kwaso daga wata, ya zama mai ba shugabanni Kennedy da Johnson shawara kan kimiyya, ya shugabanci ƙungiyar masana sinadarai ta Amurka a 1971. Bayan tashin farashin man fetur na 1973, sai ya duƙufa neman tsiron da za a noma a tatsi mai daga jikinsa. Ya je Burazil ya ga itacen da ake huda shi a samu ruwa mai kama da gazuwal, ya kuma noma wani tsiro mai farin ƙaro, dangin aguwar nan da muke shinge da ita, a gonarsa ta arewacin Kalifoniya. Man ya fito, amma bai kai yawan da zai biya wahalar noma ba, kasuwa ba ta karɓa ba. Ya yi ritaya a 1980, aka sa wa ginin zagayayyen sunansa, ya ci gaba da zuwa ofis duk da haka. Matarsa ta rasu a 1987.

Ya mutu ranar 8 ga Janairu 1997 a Berkeley, yana da shekara 85. Littattafan da muke koyarwa da su har yanzu zagayen Calvin suke cewa, ko da yake masana da yawa yau sun koma rubuta sunaye uku, Calvin da Benson da Bassham. Benson ya rayu har 2015, ya kai shekara 97. Bayan mutuwar Calvin, da majalisar masana kimiyya ta Amurka ta tashi wallafa tarihinsa kamar yadda take yi wa mambobinta da suka mutu, mutum biyu ne suka rubuta shi. Ɗaya Glenn Seaborg ne, tsohon abokinsa na Berkeley. Ɗayan kuwa Andrew Benson.